Direban Ƙanƙara da Masu Auna Doka

A garinmu Tanjungwaru, can gaɓar arewacin tsibirin Jawa, namiji ɗayan biyu ne: ko ya shiga teku, ko ya yi wa masu shiga hidima. Darmaji ɗan masunci ne, jikan masunci, amma cikinsa bai taɓa yarda da ruwa ba. Sau uku mahaifinsa ya ɗauke shi a jirgi, sau uku aka dawo da shi kwance kan raga, ya yi amai har ya galabaita. A na ukun tsohon ya sauke shi a bakin gaɓa ya ce, "Je ka nemi aikin da ba ya rawa." Wansa Sukiman ne ya gaji jirgin. Shi kuwa ya nufi masana'antar ƙanƙarar Haji Sarkawi.

Shekara shida ya yi yana jan bulon ƙanƙara da ƙugiya yana saɓawa, har kafaɗarsa ta dama ta mutu, ko mintsininta aka yi ba ya ji. Daga nan ya koyi mota, ya yi shekara ashirin da biyu yana kai ƙanƙara tashar jirage. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san hon ɗinsa. Matarsa Bu Warsini bandar kifi take yi a bayan gida, katanga ɗaya ce tsakaninsu da mu. 'Yarsu ɗaya, ta yi aure a nesa. Pakde, wato kawu, nake ce masa tun ina rarrafe, shi kuma ya ce min Nduk, wato 'yata. Har na gama jami'a na kama aiki a birni, ban taɓa jin ya kira ni Ratmini ba. A wajenmu da wuya a kira suna tsirara: Pak ake sa wa dattijo, Bu dattijuwa, Mas namiji, Mbak mace.

Masana'antun ƙanƙara uku ne a duk gaɓar tamu, ta Haji Sarkawi ce babba. Larabar farko ta kowane wata, Haji yakan sa Darmaji ya ajiye babbar mota ya ja shi a ƙaramar, don ya san ba shi da surutu. Wani gidan tsiren akuya suke zuwa a kan hanyar birni. Masu masana'antun uku su shige ɗakin ciki a ja ƙofa, direbobinsu uku su zauna a benci a waje, a miƙo musu faranti ɗaya.

"Yau nawa za a ƙara, Mas?" ɗayan direbobin yakan tambaya, baki cike da nama.

"Kasa kunne," in ji Darmaji. "In Haji ya yi dariya sau ɗaya, rupiya dubu ce. In ya yi har da tari, ka sayi ƙanƙararka tun yau."

A hanyar dawowa Haji yakan yi ta waya a bayan mota, ba ya rage murya, don a wurinsa direba da kujera duk ɗaya ne. Ta haka Darmaji ya san komai. Ya san farashin gobe tun yau. Ya san tashar gabas ta Haji ce, ta yamma ta na biyu, kasuwar kifi ta na uku, kuma babu mai shiga gonar wani. Abin bai taɓa hana shi cin abinci ba. Shi da kansa ya faɗa min daga baya, "Ni mota nake tuƙawa, Nduk. Ina ruwana?"

Sai wata shekara masunta sittin da 'yan kai suka haɗa ƙarfi suka sayi ƙaramin injin ƙanƙara na ƙungiyarsu. Sukiman na cikin waɗanda suka ja gaba. Larabar da ta biyo baya taron ya daɗe, kuma ba a ji dariyar kowa ba. Washegari masana'antun uku suka karya farashi rabi. Wata uku aka yi a haka, injin ƙungiya ya kasa biyan kuɗin wuta, aka rufe shi da kwaɗo. Ana rufewa farashi ya koma sama, ya wuce inda yake a da. Aka kuma fito da takarda mai sunayen jirage goma sha ɗaya waɗanda ba za a sayar wa ƙanƙara ba ko nawa za su biya. Aka manna ta a gaban sitiyarin kowane direba. Jirgin Sukiman ne na huɗu.

Ranar wata Asabar da hantsi jirgin Sukiman ya dawo bayan kwana takwas a teku, maƙare da kifi, 'yar ƙanƙarar da suka tafi da ita ta zama ruwa. Motocin dillalan birni ba sa isowa sai bayan azahar. Darmaji ya shigo tashar da mota cike, ɗan Haji, Mas Yudo, na zaune a gefensa. Sukiman ya taho da gudu ya kama ƙofar motar, yana kiran ƙanensa da guntun sunansa.

"Ji! Bulo ashirin kawai. Ga kuɗi a hannu."

"Kang, yayana, ba ni da iko."

"Goma, to. Dubi rana!"

Mas Yudo bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Wuce."

"Darmaji," in ji Sukiman, "kalle ni. Nono ɗaya muka sha ko kuwa?"

Darmaji ya sa giya. Ya ce min a madubi ya ga wansa tsaye a tsakiyar hanya, hannu a sake. Kafin la'asar kifin ya fara wari, aka sayar wa masu kiwon agwagi a kwando-kwando.

A makon ne na zo gida hutu. Shekarata biyu ke nan a reshen lardi na hukumar kula da gasa a kasuwa, ina karɓar baƙi ina kuma yin tafinta, don Turanci na karanta. Na same shi a bayan gida kusa da murhun matarsa, sigari ya cinye a hannunsa bai zuƙa ba. Ya ba ni labari tun daga gidan tsire har kwandunan agwagi.

Ni kuwa, da zafin kai irin na sabuwar ma'aikaciya, na ce, "Pakde, ai wannan laifi ne! Akwai doka a kansa." Na zayyana masa kamar mai karatun allo: an hana 'yan kasuwa su haɗa baki su yanka farashi, an hana su raba kasuwa, an hana su haɗu su ƙaurace wa mai saye. Na ƙara da cewa doka ta ce a ɓoye sunan wanda ya kawo ƙara.

Bu Warsini ta juya kifi a kan waya, hayaƙi na sa ta hawaye. Ta ce, "Nduk, dokar nan taku, kin taɓa ganin ta kama wani da idonki?"

Na ce sabuwa ce, sai an gwada.

"A kan mijina za a gwada ke nan."

Ni na kai shi. Ban taɓa musun wannan ba.

Ofishinmu gidan haya ne mai hawa biyu, tsakanin kantin magani da shagon buga takardu. Mu bakwai ne, masu bincike biyu kacal ga lardin da ya fi wasu ƙasashe yawan mutane. Wanda ya karɓe shi Mas Prayitno ne, siriri mai tabarau, mutumin kirki wanda ya ɗauki aikinsa da gaske. Awa uku yana saurare yana rubutu. Da Darmaji ya miƙa masa takardar jirage goma sha ɗayan da ya ɓalle daga gaban sitiyari, Mas Prayitno ya karɓa ya duba ta gaba da baya. Amma babu sa hannu a jikinta, babu hatimi.

"Yaushe za ku je ku kwashe littattafansu da wayoyinsu?" in ji Darmaji.

Mas Prayitno ya cire tabarau ya goge. "Ba mu da wannan ikon, Pak. Wasiƙa za mu rubuta musu su kawo."

"Wato ku rubuta wa ɓarawo ku ce don Allah ya aiko da abin da ya sata?"

"Kusan hakan ne."

Aka aika wasiƙu. Bayan wata huɗu lauyoyi suka aiko da kwali uku na takardun kuɗin wuta, da bayanin cewa kuɗin wuta ne ke tashi, shi kuma kowa yake tashi wa a lokaci ɗaya. Sunan mai ƙara kam an ɓoye shi, ba a rubuta ko'ina ba. Sai dai wasiƙar tamu ta yi tambaya a kan taron Larabar farko a gidan tsire. Mutum shida ne suka san da taron, kuma direbobin nan biyu dangin iyayen gidansu ne.

Haji Sarkawi bai yi faɗa ba. Ya kira Darmaji ofis, ya bar shi a tsaye.

"Shekara nawa kana cin abincina, Ji?"

"Ashirin da takwas, Pak Haji."

"Ajiye makullin a nan."

Tunda suna ya riga ya fita, Mas Prayitno ya roƙe shi ya tsaya shaida a fili. Ya yarda. Ranar ce ya fara shiga jirgin ƙasa, zuwa babban birni. Lauyan masana'antun, wani mai ƙamshin turare, ya zagaye shi da tambayoyi.

"Ka shiga ɗakin?"

"A'a."

"Ka ga sun sa hannu a wata takarda?"

"A'a."

"To me ka gani, Pak direba?"

"Na ga duk Larabar farko sun ci akuya, washegari Alhamis ƙanƙara ta tashi. Shekara goma sha ɗaya, akuyar ba ta taɓa kuskure ba."

Zauren ya fashe da dariya, har da ɗaya daga cikin masu yanke hukuncin. Ya dawo gida yana jin kansa kamar wanda ya ci kokawa.

Shekara biyu da wata ɗaya aka yi kafin hukumar ta ce an same su da laifi. Mas Prayitno ya sayo mana soyayyar ayaba don murna. Tarar da aka ci su ba ta wuce cinikin kwana tara na lokacin kifi ba, ita ce kuma iyakar abin da doka ta yarda a ci. Mako na zagayowa aka ƙara rupiya dubu ɗaya da ɗari biyar a kan kowane bulo, aka ce na lauyoyi ne. Masunta suka sa wa ƙarin suna harajin Darmaji. In ya zo wucewa ta rumfar kofi sai wani ya ɗaga murya, "Pak Ji, mun biya harajinka yau! Allah ya sa albarka!"

Babu wanda ya ɗauke shi aiki. A garin da kowa ke buƙatar ƙanƙara, wa zai so a gan shi da Darmaji? Masunta suka daina sayar wa Bu Warsini kifi kai tsaye, sai ta hannun wata maƙwabciya, da ƙarin riba. Sukiman kuwa ya je ya sumbaci hannun Haji, aka cire jirginsa daga takarda. Tun daga ranar in ya hango ƙanensa sai ya tsallaka titi. Da sallah yakan zo gaisuwa, amma ta ƙofar baya, ya kuma tafi kafin shayi ya huce.

Masana'antun suka ɗaukaka ƙara zuwa kotun gunduma. Alƙalin da ya saurara, da safen nan shari'ar rikicin fili ya yi da ta satar babur. Ya soke hukuncin. Ya ce babu yarjejeniya a rubuce, shaida kuma korarren ma'aikaci ne mai jin haushi. Hukumarmu ta kai maganar kotun ƙoli, takardun suka je suka kwanta. Darmaji ya sami gadin babura a ƙofar kasuwa, aka ba shi riga ruwan lemo da usur.

Ana nan sai ga takarda daga hedikwata. Gwamnati ta gayyato ƙwararru uku daga ƙasashen waje su auna dokar gasa da hukumar da ke aiki da ita, su faɗi inda ta yi kyau da inda ta gaza. Kwana shida za su yi a ƙasar, ɗaya a ofishinmu.

Shugaban reshenmu, Pak Widagdo, ya tashi tsaye. Aka yi fenti. Aka yi hayar tukwanen furanni. Aka ɗinka mana rigunan batik iri ɗaya. Da ya dubi teburan da babu kowa a ƙasa, sai ya aro ma'aikata biyar daga wani ofishin gwamnati su zauna a kai ranar. Ni kuma na yi mako uku ina fassara amsoshin tambayoyi ɗari da goma sha biyu da baƙin suka aiko. Shari'ar ƙanƙara ita ce abin alfaharinmu: an sa hoton jirage a bakin teku, an rubuta cewa talaka ne ya kawo ƙara kuma hukuma ta hukunta. Maganar sokewa tana can ƙasa da ƙananan haruffa, wai ana ci gaba da shari'a.

Shugabar tawagar wata dattijuwa ce daga arewacin Turai, Farfesa Aaltonen. Ashe ta karanta takardun har ƙananan haruffan. Saura mako su zo ta aiko cewa tana son ganin direban. Pak Widagdo ya amsa cewa garin da nisa. Ta ce za ta haƙura da abincin rana in dai za a kawo shi. Ya kira ni ofishinsa.

"Mbak Ratmini, ke za ki ɗauko shi, ke za ki yi tafinta. Baƙi ne, kuma mutuncin ƙasa yana bakinki. Kin dai san yadda ake tausasa magana."

Na sami Pakde a ƙofar kasuwa yana jera babura. Na yi zaton zai ƙi. Sai na ga idonsa ya yi haske.

"Wato su ne masu duba masu dubawa?"

"Su ne, Pakde."

"In suka rubuta, gwamnati za ta ji?"

"Za ta ji," na ce.

Ya zo da rigar da ya sa ranar auren 'yarsa, an goge ta har tana ƙyalli. Bu Warsini ta naɗo bandar kifi mafi kyau a ganyen ayaba, ta ce a ba baƙuwa. Minti ashirin aka ware masa, tsakanin shan kofi da tafiya filin jirgin sama. Farfesar ta miƙe ta ba shi hannu. Ƙaramar mace ce mai farin gashi, fuskarta ta yi ja don zafi. Pak Widagdo ya zauna a gefen teburin yana murmushi.

"Nduk, fara tambayar min ita," in ji Darmaji. "Da gaske ne a ƙasarsu ƙanƙara kyauta take zubowa daga sama?"

Na fassara. Ta yi dariya ta ce da gaske ne, har biya ake yi a kwashe ta.

"To ki ce mata kada Haji ya ji, zai je ya saye saman."

Daga nan ya ba da labarinsa tiryan-tiryan, ni kuma ina juyawa. Tana rubutu da fensir, ba ta katse shi. Ta tambaya ko akwai wanda ya ba shi kariya bayan an kore shi. Ya ce Mas Prayitno ya biya masa kuɗin jirgin ƙasa daga aljihunsa, kariyar ke nan. Sai ta ajiye fensirin ta ce, in da za a mayar da shi baya, zai sake kawo ƙarar?

Ya gyara zama.

"Ki ce mata ko kare na ga zai shigo ofishin nan da ƙara, zan kore shi don tausayi. Ki ce mata dokar nan tarko ce, kuma ba mai kuɗi take kamawa ba, mai gaskiya take kamawa. Ki ce mata wana, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ƙofar baya yake shigo min gida. Mutum biyu ne ke bincike a gidan nan, kuma ba su da ikon buɗe ko aljihun tebur. Waɗancan biyar da ke zaune a ƙasa ba 'yan nan ba ne. Mai gashin bakin nan na san shi, a ofishin tashar jirage yake, shi ke buga wa motata hatimi lokacin ina tuƙi."

Pak Widagdo ya yi ɗan tari. Bai kalle ni ba, agogonsa ya kalla.

Na ce da Turanci, "Ya ce zai yi tunani sosai kafin ya sake. Ya ce dokar tana da giɓi wajen kare shaidu, kuma abin ya taɓa zumuncinsa da danginsa. Yana ganin masu bincike suna buƙatar ƙarin iko."

Farfesar ta dube ni ta saman tabarau. "Kamar ya yi magana mai tsawo."

"Yarenmu ne haka," na ce.

Darmaji ba ya jin Turanci, amma yana jin tsawo. Ya juyo a hankali ya ce, "Nduk, nawa ya fi naki yawa."

Pak Widagdo ya miƙe ya ce mota na jira. Farfesar ta karɓi kifin da hannu biyu, ta yi godiya da 'yan kalmomin yarenmu da ta haddace. Ba a shiga jirgin sama da irin wannan kaya, don haka aka bar shi a firjin ofis. Direban Pak Widagdo ne ya tafi da shi gida.

Bayan wata goma sha ɗaya rahoton ya fito, shafi ɗari da arba'in da shida. Aka yi bikin ƙaddamar da shi a wani otal a babban birni, da jawabai da akwatunan abinci. Ba zan yi wa matar nan ƙarya ba, ta yi aikinta. Ta ce hukumar ta sami ci gaba a zo a gani, sannan ta jera shawarwari ashirin da uku: a ba masu bincike ikon shiga su ɗauki shaida, a ɗaga tara har ta yi zafi, a sassauta wa wanda ya fara tona asirin abokan haɗin bakinsa, a kare shaidu, a koyar da alƙalai. A kan reshenmu kuwa ta rubuta cewa ma'aikata goma sha biyu sun wadatar a yanzu. Da wannan layin hedikwata ta ƙi mana ƙarin mai bincike shekara biyar a jere. Duk lokacin da aka karanto shi a taro, sai in dubi tebur.

Darmaji yana shafi na tamanin da bakwai, a cikin ɗan akwati mai ruwan toka, layi shida. An kira shi Direba D.

Na kai masa littafin har ƙofar kasuwa, na fassara masa layukan shida. Ya karɓa ya auna nauyinsa a hannu.

"Ina aka rubuta a mayar da ni aiki?"

"Ba irin wannan takardar ba ce, Pakde."

"Ina sunan Haji?"

"Ba a sa sunan kowa ba."

"To wace irin takarda ce?"

"Ta auna doka ce."

"An auna. Nawa aka samu?"

"An ce ana ci gaba."

Ya miƙo min littafin, ya busa usur, ya tafi janye wa wata mata babur ɗinta.

Shawarwarin suka zama ƙudiri, ƙudirin ya shiga majalisa, aka yi zaɓe biyu yana nan a kwamiti. Mas Prayitno ya ajiye aiki ya koma wani kamfanin lauyoyi masu kare manyan 'yan kasuwa. 'Ya'yansa uku sun kai makarantar kuɗi, ban ga wanda zai zarge shi ba. Kotun ƙoli ta farka bayan shekara huɗu ta tabbatar da sokewar a shafi biyu. Haji Sarkawi ya rasu, aka yi jana'izar da ta tsayar da kasuwa. Mas Yudo ya saye sauran masana'antun biyu, ya sanar da hukumarmu bayan an gama ciniki, kamar yadda doka ta yarda. Ni na buga wasiƙar da ta ce ba mu da ja.

Bu Warsini ta rasu da damina, ƙirjinta ya gaji da hayaƙi. Sahun jana'izarta biyu ne, na biyun ma bai cika ba.

Shekara takwas bayan baƙin farko, wasu suka zo. A lokacin ni ce shugabar sashen hulɗa da waje, da ofishina da na'urar sanyaya ɗaki. Sababbin matasa ne, sun karanta tsohon rahoton, suna son jin yadda ta ƙare da Direba D. Na hau mota na tafi.

Ya tsufa, rigar ruwan lemon ta koɗe ta yi masa yawa. Ya saurare ni har na gama, yana kallon titi.

"Ki ce musu na mutu."

"Pakde, wannan karon zan faɗi duk abin da ka faɗa. Wancan karon na rage. Maganar mutum biyar ɗin, da ta tarkon, ban..."

"Na sani tun a ɗakin." Ya tofar da yawu gefe. "Abincinki kika kare, Nduk. Ni ma na taɓa sa giya na wuce. Amma ni ba abin nuni ba ne da za a riƙa fito da ni duk shekara takwas a kalla a mayar. In suna son sanin yadda dokarku take, su je tashar gabas su tambayi kuɗin bulo ɗaya. Tashi daga nan, kin tare wa mutane hanya."

Na koma ofis na rubuta cewa ba a samu shaidan ba.

A bara ƙaramar hukuma ta ba wani kamfani kwangilar ajiye babura a duk kasuwannin gundumar. Kamfani ɗaya ne ya nema, shi ya samu. Suka kafa ƙarfe mai ɗagawa da kansa, suka karɓe riguna da usur. Yanzu Pakde Darmaji yana gida, yana kiwon tattabaru a kan rufi, 'yarsa na aiko masa da abin cefane. In na je gida ina jin motsinsa ta bayan katanga. Nakan aika masa da sukari da kofi, yakan karɓa ya ce a gaishe ni.

Rahoto na biyu ya fito watan jiya. Shawarwarinsa ashirin da shida ne, goma sha tara daga ciki na wancan ne aka sake wa jimla. Da yake ina da tsohuwar fassarar a ajiye, kwana biyu kawai ya ɗauke ni. Sabon shugabanmu ya yaba min a gaban ma'aikata, ya ce a yi koyi da saurin aikina.